Kamfanin da na bari yana neman in biya kuɗin da na kashe ba rasit

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Na yi shekara huɗu ina yi wa wani kamfani da ke Sharaɗa sayayya, kuma yawancin aikina a kasuwar Dawanau yake, inda nake biyan 'yan dako, masu awo da direbobin da ke ɗauko kaya, waɗanda babu wanda ya taɓa yanka mini rasit a cikinsu. Manajanmu ya san da haka, domin duk mako nake kai masa lissafi a littafi yana dubawa. Wata uku bayan na ajiye aiki, akanta ya kira ni cewa akwai naira 430,000 da ba su da takarda, an riƙe albashina na ƙarshe, kuma idan ban biya sauran ba za a kai ni wurin 'yan sanda. Shin wajibi ne in biya?

Akantan Bompai: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ka tuna ko ka sa hannu a wata takarda lokacin karɓar kuɗin, domin idan ta ce duk abin da ba a kawo rasit ɗinsa ba bashi ne a kanka, to suna da abin riƙewa. Amma littafin nan da manaja yake dubawa hujja ne babba, musamman idan da sa hannunsa a ciki, haka ma saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suka karɓi wannan tsari shekara huɗu, sai da ka tafi ya zama laifi. Ka nemi su rubuto maka kowane kuɗi da ranarsa.

Lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi: Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita abin da kamfani zai cire daga albashin ma'aikaci, kuma ko asara ce ta sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago na gwamnati, ko da yake dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa ba, don haka matsayinka yana da muhimmanci. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sai dai idan zargin cin amana suka shigar. Wurin wannan magana shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano. Kada ka sa hannu a takardar amincewa da bashi kafin lauya ya karanta ta.

Hajiya 'Yar Fagge: Ɗana, a shari'a ma hujja tana kan mai da'awa ne, kuma wakili amintacce ne har sai an tabbatar da sakacinsa. Sai dai ka zauna ka duba littafinka tsakaninka da Allah. Idan ka ga wani abu ya shiga aljihunka, ka mayar da shi. Kafin kotu, ka nemi dattijon da mai kamfanin yake jin nauyinsa, ku je tare da littafin da mutum biyu daga cikin 'yan dakon Dawanau.