Wa ya taɓa shiga zaman masu barin giya?

Kwana Tara: Assalamu alaikum. Yau kwanana tara rabona da kwalba, bayan shekara 11 ina sha. Likitan da ke duba ni ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, in nemi zaman da masu irin matsalata suke yi. Sau biyu ina zuwa har bakin ƙofa in juyo. Don Allah wanda ya taɓa shiga ya gaya mini abin da ke ciki. Dole ne sai na yi magana?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba dole. Ni sai da na yi zama huɗu ban ce uffan ba, in layi ya zo kaina in ce saurare na zo yi, a wuce. Na Alcoholics Anonymous nake zuwa, wato AA, ƙungiyar masu taimakon juna su bar giya, yau shekara shida. Kujeru ne a zagaye, kamar awa ɗaya ake yi. A karanta matakai 12 da ƙungiyar ta shimfiɗa na barin giya, sai kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ba da nasa labarin. Ba a katse mai magana, ba a kuma yi masa nasiha bayan ya gama. Wannan ne ya zaunar da ni, don wa'azi kam na sha shi har na ƙoshi a wurin dangi. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Ana zagayawa da ɗan kwando, mai hali ya saka, mara shi ya miƙa gaba. Sharaɗinsu guda ne: kana son ka daina sha.

Abin da ya girgiza ni ranar farko, wani dattijo ne ya faɗi yadda yake ɓoye kwalba a cikin tayar sifiya. Wallahi na ɗauka ni kaɗai na san wannan dabarar. Aka fashe da dariya, ni kuwa hawaye.

Uwar Biyu: Ni tsoron kada wani ya gane ni ne ya hana ni fita, sai na fara ta Zoom. Tun 2020 irin waɗannan zaman suka yawaita a intanet, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wata ƙasa. Kyamarata a rufe na yi wata guda. Akwai manhajar Meeting Guide mai nuna zaman da ke kusa, amma ba ko'ina ta kai ba, ni ban samu komai a cikinta ba. Ka lura, zama iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda ko matarka za ta iya raka ka, da rufaffe, na masu matsalar kaɗai. Ga mata kuma akwai na mata zalla, can na fi sakewa.

Baƙon Dare: Bari in kawo nawa, don kada a ce duk zuma ce. Zaman farko da na je bai yi mini ba ko kaɗan. Mutum ɗaya ya cinye rabin lokacin, sannan maganar cewa in amsa ba ni da iko a kan giya ta tsaya mini a wuya. Na koma wata ƙungiyar daban, SMART Recovery, da aka kafa a 1994. Su ba ruwansu da matakai 12, dabarun shawo kan ƙwalama da gyaran tunani ake koyarwa, ana kuma musayar magana. In wani bai karɓe ka ba, gwada wani. Uku na zaga kafin na tsaya.

Malam Shiru: Ɗan'uwa, in abin da ke mai da kai baya batun addini ne, ni ma na yi wannan wasi-wasin, ganin a zauren coci ake namu. Hayar ɗakin kawai suke yi. Gaskiya ne Bill Wilson da Dokta Bob Smith, da suka fara AA a Akron ta jihar Ohio a Amurka a 1935, daga wata ƙungiyar Kirista suka fito, amma ba wanda ya taɓa tambaya ta aƙidata. In ana addu'ar rufewa, tawa nake yi a zuci. Akwai ma ƙungiyar Millati Islami, da Musulmi suka kafa a Baltimore ta Amurka a 1989, suna yin nasu ta intanet.

Tsohon Direba: Na manta wani abu, ba don kai ba, don masu karatu a ɓoye. Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai. Jijjiga da gane-gane na iya zuwa a kwana na biyu ko na uku, kuma suna kisa. Likita tukuna. Kai kuma, in ka shiga, karɓi lambar wayar ko da mutum biyu ne. Wanda ya zama mai riƙe mini hannu, ƙarfe biyun dare na taɓa kiran sa ina zaune a mota gaban mashaya. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi in ba shi labarin yadda wunin ya kasance, har na tayar da mota.

Uwar Biyu: In kana da iyali, akwai Al-Anon, tun 1951, na dangin masu sha ne. Yayata na zuwa.

Kwana Tara: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya na shiga. Na makara da minti goma da gangan, na zauna kujerar da ke bakin ƙofa. Mu takwas ne. Ban yi magana ba. Da aka tashi wani ya rubuta mini lambarsa a bayan takarda, tana aljihuna, ban kira ba tukuna. Yaya Direba, ana kiran mutum ko da ba abin da ya faru?