Barin saba tana sake loda manhaja da kanta in fayil ya canza, akwai laifi ko babu?

Nazifi: Salam 'yan uwa. Ni fa har yanzu ina kan bakana, ba laifi ba ne mutum ya bar manhajarsa tana sake loda kanta a sabar da jama'a ke shiga. Tawa da Django na rubuta ta, wato Python, tana kan Gunicorn, sabar da ke tafiyar da ita, na sa --reload mai sa ido kan fayiloli, da na tura fayil ta SFTP shikenan gyara ya hau ba sai na shiga SSH na ba sabar umarni da hannu ba. Ɗan shafin makarantar Islamiyya ne, mutum nawa ne ma ke shiga?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, su masu Gunicorn ɗin da kansu sun rubuta cewa --reload na lokacin da kake gini ne a kwamfutarka. Masu Tomcat, sabar Java, ma haka suka ce kan reloadable="true", yana cin ƙarfin saba kuma ba su yarda a bar shi a wurin aiki ba.

Nazifi: Na ji Malam, amma dalili nake nema ba wai "sun ce" ba

Rukayya: Toh ga dalili. Ka gyara fayil biyar kana turawa ɗaya bayan ɗaya da netwok ɗinmu da ka sani, views.py ya riga isa yana kiran wani abu a utils.py wanda ke hanya tukuna, shi mai sa idon bai san akwai saura ba, yana ganin fayil ya motsa zai kashe woka, wato mai amsa buƙatun masu shiga, ya tada sabo, sabon ya ci karo da ImportError don bai ga abin da ake kira ba, shafin ya shiga raba wa mutane kuskuren 500. In netwok ya yanke a tsakiyar fayil kuwa rabin kod ne zaune a sabar. Kamar ka sauke tukunya tun ba ka gama zuba kayan miya ba ne wlh.

Sadiq: Ni ina bayan Nazifi. Su masu PHP fa? Shekara da shekaru haka ake yi, ka tura fayil ya hau. OPcache ma, mai ajiye kod ɗin PHP a memori, duk sakan 2 yake duba ko fayil ya canza in ba ka taɓa saitin ba, kuma WordPress nawa ke tafiya a haka lafiya lau

Malam Habu: Sadiq ba ɗaya ba ne. PHP kowace buƙata daga farko take farawa ta gama a manta da ita, ba wani abu da aka kashe. Python da Node kuwa manhajar zaune take a memori, sake lodawa na nufin kashe ta, wanda ke tsakiyar biyan kuɗin makaranta a wannan sakan ɗin fa? Kuma ko a PHP ɗin masu manyan shafuka sabuwar fulda suke zubawa sai ta cika sannan su juya symlink, wato manunin fuldar da sabar ke karantawa, lokaci guda, saboda wannan matsalar ta rabi da rabi.

Rukayya: Sannan a Flask, ɗan'uwan Django a Python, yawanci da debug=True mutane ke kunna shi, wanda ke kunna dibogan Werkzeug tare, wato kayan binciken kuskure, mai ba ka damar rubuta Python daga burauza kai tsaye. Ta nan aka shiga shafin Patreon a 2015 aka kwashe bayanan mutane. Daga baya ne aka ƙara masa PIN

Sadiq: A'a Rukayya wannan maganar daban ce, diboga daban mai sake lodawa daban, Nazifi bai ce ya kunna DEBUG ba

Rukayya: Gaskiyarka, daban ne. Na kawo ne don a Flask makunni ɗaya gare su kuma sababbin cikinmu na karantawa

Bashir: Ni abin da na gani da idona a wani aiki da aka kira ni, PM2 ne, mai tafiyar da manhajar Node, da --watch, fuldar da hotunan mutane ke sauka tana ciki, duk wanda ya ɗora hoto sai manhajar ta tashi daga farko, ga sesho, wato shaidar cewa mutum ya shiga, a memori, kowa a fitar da shi ya sake shiga. Mai shafin na ta zargin kamfanin hostin. ignore_watch ya rage abin amma ni cire shi na yi baki ɗaya na koma pm2 reload

Nazifi: Toh ai ni SSH ɗin ne wahala, wani lokacin daga waya nake gyara

Malam Habu: Wannan kuma uzuri ne na gaske, kuma akwai mafita. uWSGI, wata saba irin Gunicorn, na da touch-reload, ka ba shi fayil guda ɗaya tak ya sa wa ido, ka gama tura komai sannan ka tura wannan a ƙarshe. mod_wsgi na Apache ma in yana daemon haka yake da wsgi.py. Ta SFTP ɗinka dai, amma kai ne ke cewa yanzu. In kana son zama kan Gunicorn kuma umarnin kill -HUP ne zai sake loda shi, tsofaffin woka su ƙarasa abin da ke hannunsu, ana ba su sakan 30 kafin a tsige su.

Sadiq: Ka ga ai wannan ma sake lodawa ne don fayil ya canza Malam, kun dawo maganarmu kenan

Malam Habu: Fayil ɗaya da ka zaɓa, ba kowane fayil ba. Ni a nan na tsaya

Nazifi: Zan gwada uWSGI ɗin. Amma in gyaran ya taɓa models.py fa?

Rukayya: Nan kam babu mai sa idon da zai yi maka migrate, wato gyara tsarin database, dole ka shiga SSH Yaya