Sirdin babur ɗin gudu: me kuka gwada ya yi muku?

Mai R6:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yamaha R6 nake hawa, sirdinsa tauri kamar allo, ga shi ya karkata gaba. In na taso daga Kano, kafin na kai Kwanar Ɗangora ƙuguna ya sage, cinya ta fara tsami. Na kai wa mai gyaran kujeru ya ƙara soso mai laushi irin na katifa. Da farko daɗi kamar me, bayan minti ashirin soson ya lotse, na dawo ina jin ƙashina a kan robar ƙasa. Dama tsayin sirdin milimita 850 ne, yanzu da yatsun ƙafa nake tsayawa a danja. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Na Jos:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Laushin nan shi ne ya cuce ka. Ni ma na yi haka da Ninja 300 ɗina, kuma a Hawan Kibo na gane kurena. Ina so na zame ƙugu gefe na shiga kwana, soson ya riƙe ni kamar taɓo, sai da na ɗaga jiki gaba ɗaya, babur ya yi rawa. Wallahi gabana ya faɗi. Da na dawo na sa aka cire, aka sa soso mai tauri, wanda ake matse gutsattsari a haɗa, sannan aka shimfiɗa siririn mai laushi a sama, bai fi kaurin yatsa ba. Na tsaya a kan mai aikin yana yankawa ina hawa ina sauka, har ya fara ƙosawa. Gaba muka ɗaga kaɗan don na daina zamewa kan tanki, baya muka faɗaɗa, gefen cinya muka rage. Yanzu awa biyu nake yi ban tsaya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ku kula da ledar rufin ma. An taɓa sa min mai sheƙi, duk birkin da na taka sai na daki tanki, hannuwana suka ɗauki nauyin jikina duka. Mai ɗan kaushi na koma. Jel kuwa, wato abin nan mai laushi kamar roba da ake sawa cikin sirdi, na gwada, in ka ajiye babur a rana lokacin bazara ba ya hawuwa, kuma ya daɗe bai huce ba.

Baban Garejin:
Yarana, shekara talatin ina kan babur. In tafiya miƙaƙƙiya ce, buzu nake ɗaurawa, yana shan gumi, iska na ratsawa. Ranar da zan yi kwana-kwana ajiye shi nake a gida, don yana motsi. Kai mai R6, duba shokar bayanka ma. In an ɗaure ta tamau, ko wane soso ka sa gargada sai ta kai maka ga baya.

Mai R6:
Na gode Baba, shokar ban taɓa dubawa ba tun da na saya. Na Jos, wane kauri aka yi maka soson ƙasan? Ranar Asabar zan koma wurin mai kujerun, kuma wannan karon da babur ɗin zan je.