Hali zanen dutse: wai da gaske ba ya kankaruwa?

Uwar Biyu (Jos): Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Kawun maigidana, ƙanin mahaifinsu, shi ya riƙe gonar gadonsu da shaguna biyu shekara goma sha tara. Marayu suka tashi suna kallon abin ubansu a hannun wani. Ko da Sallah bai taɓa aiko musu da yadi ɗaya ba. Makon jiya sai ga shi da ƙafarsa, takardu a leda, aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma ya ce a yafe masa. Maigida ya karɓa har da hawaye. Yayarsu kuwa ta ce sam, hali zanen dutse, akwai abin da ya hango. Muna cikin ja-in-ja sai Hassanata ta tsoma baki ta ce, "Gwaggo, ai Grinch ma ya daina."

Wani tsohon katun ne na Amurka. Maƙwabtanmu Kiristoci ne, duk Kirsimeti sukan aiko mana da shinkafa, yara su je can su yi kallo, bana na zauna na kalla tare da su. Wani koren halitta ne da ke zaune a kogo a kan dutse, shi da karensa, yana jin haushin mutanen garin da ke ƙasa saboda murnar bikinsu. Daren biki ya ɗinka jar riga da jar hula, ya ɗaura wa karen ƙaho a ka, ya bi gida gida ta bututun hayaƙi ya kwashe kyaututtuka da abinci, har itacen murhu bai bari ba. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta farka shan ruwa ta kama shi, ya shirga mata ƙarya, ya ba ta ruwa ya mayar da ita gado. Da asuba ya hau ƙololuwar dutse da kayan yana jiran ya ji kuka. Sai ya ji waƙa. Sun fito hannu da hannu, ba su da komai, suna murnarsu. A nan aka nuna zuciyarsa, wadda da ma aka ce ta yi masa ƙanƙanta, ta kumbura har ta fasa ma'aunin. Ya mayar da komai, suka zaunar da shi, shi ya yanka naman biki. Wallahi wurin nan sai da na share ido.

Da aka yi wa Yaya bayani sai ta ce, "Wancan zanen takarda ne, a goge a sake. Na Kawu a dutse yake." To ku me kuka gani? Karin maganar nan cewa take mutum ba ya sauyawa har abada?

Ɗan Tasha: Yaya ta yi gaskiya. Shekara goma sha tara fa. Tuban muzuru ne, kaza a baki. A duba takardun nan da kyau, kada a je an ci bashi da su.

Malamin Firamare: Na san katun ɗin nan sosai. An fara nuna shi ranar 18 ga Disamba 1966 a tashar CBS, bai cika rabin awa ba, kuma har yau ana maimaita shi duk ƙarshen shekara a can. Daga littafin yara na Dr. Seuss aka ɗauko, na 1957. Wanda ya shirya shi, Chuck Jones, shi ya yi wasu daga cikin Tom and Jerry ɗin da muka taso muna kallo, shi ya sa murmushin muguntar nan da ke tafiya har kunne ba zai yi muku baƙo ba. A littafin ma ba kore ba ne, katun ɗin ne ya ba shi launin. Abin da ya fi burge ni, a labarin an ce shekara 53 ya yi yana dakon ƙiyayyar nan, kuma marubucin kansa shekararsa 53 lokacin da littafin ya fito. Ni ina ganin da kansa yake. Mutum ba ya zana marowaci da kyau haka sai ya taɓa jin rowar a ƙirjinsa.

Bazazzagiya: Malam, ka ba mu tarihi amma ba ka ba mu amsa ba. Ni a fahimtata ba a kan mutumin ake maganar ba, a kan abin da ya bari ne. Abin da ka yi wa mutane shi ne zanen, a zukatansu yake. Kawu zai iya tuba, Allah ya karɓa, amma Yaya ita ta ga uwarsu tana sayar da kwallayenta don kuɗin makaranta, ko ba haka ba Uwar Biyu? Wannan ba ya gogewa don an kawo takarda a leda.

Uwar Biyu (Jos): Kamar kina nan, Anti. Har keken ɗinkinta ta sayar.

Almajirin Malam: Ni dai ina tsoron yadda muke jefa karin maganar nan a kan mai neman tuba. Sayyidina Umar da takobi ya fito, ya koma gida da imani. Kuma Allah ya ce a Suratul Hashri, aya ta 9, wanda aka kare shi daga rowar ransa, waɗannan su ne masu rabauta. Da rowa ba ta barin mutum ai ba za a yi maganar kariya daga gare ta ba. Batun kallon katun ɗin bikinsu kuma, wannan wata mas'ala ce, na bar ta ga malamai.

Ɗan Wusasa: Mu ma a wajenmu akwai Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19. Gajere ne, ya hau bishiya don ya hango Yesu, ya sauko ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya cuta kuma zai biya shi ninki huɗu. Ku lura da ninki huɗun nan. Kawu ya kawo takardu, madalla. Kuɗin hayar shago na shekara goma sha tara fa?

Mai Shayi: Ninki huɗu! A kai wa wasu ayar nan gidan gwamnati. Su nasu zuciyar duk bayan shekara huɗu take kumbura, ta fito da taliya biyu da sabulu da atamfa mai hoto, ana rantsarwa ta koma kamar ƙwayar gero.

Ɗan Tasha: Ai shi koren gara shi, ya mayar da abin da ya sata duka. Namu in sun dawo da kashi ɗaya cikin ɗari sai an kira 'yan jarida an yanka kirtani. Kuma mu ne karen, an ɗaura mana ƙaho muna jan kaya zuwa kan dutse.

Jikar Iya: Ku bar siyasar nan ku ji abin da kakata ta ba mu, Allah ya jiƙanta. A ƙauyenmu ne a ƙasar Daura, lokacin farin 1973. Akwai wani mutum, ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan. Rumbunansa uku cike da gero da maiwa tun na shekarun baya. Iya ta ce in almajiri ya yi bara a ƙofarsa, kafin ya rufe baki an ce masa Allah ya ba da haƙuri. Matarsa ta farko yaji ta yi ba ta dawo ba, a kan ya ƙirga dammunan da ta sussuka ya ce ɗaya ya ɓace.

Da fari ya yi tsanani, mata suna tafasa tafasa da rama suna ba yara, wasu suna tonon gidan tururuwa don hatsin da ta tara, mutumin nan ya liƙe bakin rumbunansa da laka, ya kwana a gindinsu da sanda. Mai gari ya aika masa, liman ya je da kansa, ya ce shi ma iri yake ajiya.

Sai ciwo ya kama shi, ƙurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa. Ba mata, 'ya'ya sun tafi cin rani. Iya ta ce mata suka taru a bakin rijiya aka ce a bar shi ya ci rumbunsa. Uwar Iya, wato kakar babata, ba ta ce komai ba. Da yamma ta dama ɗan kunun dusa, abin da su ma shi suke sha, ta zuba a ƙoƙo ta ce Iya ta kai masa. Iya lokacin tana da aure da goyo, ta ce ranta bai so ba, har ta yi tunanin ta shanye a hanya. Ta same shi kwance, ƙudaje sun baibaye ƙafar, ga rumbu uku a bayansa a liƙe. Ya kalli kunun, ya ga dusa ce zalla, ya ce, "Wannan kuke sha?" Ta ce eh. Ya juya fuska bango. Ta ajiye ta tafi.

Kwana goma sha wani abu tana kai masa. Ba godiya, ba sannu. Ran nan da safe sai ya ce ta kira masa samari biyu su zo da gatari. Aka fasa rumbun farko. Iya ta ce ƙamshin tsohon gero da ya tashi, wata tsohuwa zama ta yi a ƙasa tana kuka. Aka ɗauko shi aka jingina da bango, aka sussuka a gabansa, shi yake awo da kansa, kowane gida tiya biyu, bayan kwana bakwai a dawo. Haka har rumbu biyu suka ƙare, na ukun ya raba iri da ruwa ya sauka.

Bazazzagiya: Allahu Akbar. Allah ya jiƙan tsohuwar nan mai kunu.

Almajirin Malam: To kun gani. Ina zanen dutsen?

Jikar Iya: Tsaya Malam, ban gama ba. Iya ta ce duk tiyar da ya auna, sai ya sa gefen hannu ya share bakinta tas, ba ya barin tozo ko kaɗan. In ƙwaya ta faɗi ƙasa sai ya ce a tsince. Kuma har ya mutu, in ya haɗu da mutum a kasuwa sai ya ce, "Tiya goma sha huɗu gidanku ya ci." Bai taɓa karɓar ko kwabo ba, amma lissafin yana kansa. Mun tambayi Iya, to ya sauya ko bai sauya ba? Ta kama hannuna ta kai ni bakin tsohuwar rijiya, ta nuna min itacen da aka gitta a bakinta, duk ya yi kwari kwari inda igiyar guga take bi. Ta ce, "Yau da gobe ba ta bar komai ba." Na ce to ai itacen yana nan. Ta ce in ɗauki tulu mu tafi, rana ta yi.

Ɗan Tasha: Kun ji ko? Ya ba da, yana gori. Hali dai.

Malamin Firamare: Amma yaran da suka rayu da geron nan fa, gorin ya hana su girma? Abin da ya haɗa labarin Iya da katun ɗin shi ne ba wanda ya yi wa marowacin wa'azi ya ji. Liman ya je bai yi ba. Shi koren ma ba wanda ya bi shi da sanda. Ganin mutane ya yi ba su da komai kuma ba su zama irinsa ba, kunya ta kama shi.

Ɗan Agadas: Ku da kuke ta cewa zanen dutse, ku zo nan arewa da Agadas ku ga raƙuman dawa na Dabus, an sassaƙa su a dutse shekaru dubbai, suna nan. Amma ai wani ne ya zana. Dutsen ba da zanensa ya fito ba. Ni abin da nake son sani, wa ya zana wa Kawu nasa? Waɗanda suka ga yunwa suna yara, da yawansu ba sa iya buɗe hannu.

Mai Shayi: Namu na Birnin Kudu kuwa, shanun da ke jikin dutsen sai ka ƙura ido kafin ka gane wasu. Wataƙila an ware kuɗin gyara, wani mai hali ya ga zanen dutse ne ba ya buƙata.

Ɗan Wusasa: Ni har yanzu kuɗin haya nake jira a ba ni amsa.

Bazazzagiya: Kowa ya tuba don wuya ba lada, in ji masu magana. Uwar Biyu, lafiyarsa ƙalau kuwa? Don shi na Daura ma sai da ciwo ya kwantar da shi.

Uwar Biyu (Jos): Ya rame gaskiya, kuma ɗansa babba ya rasu bara. Ban sani ba ko shi ne. Yaya dai ta karɓi takardun ta kai wa lauya ya duba. Ɗazu da rana kuma ta aiko Husaina da tuwon shinkafa da miyar taushe a kai masa masauki, ta ce ita ba za ta je ba, kuma a tabbatar an dawo mata da kwanonta.

Mai Shayi: Jikar Iya, tiyar gero nawa take yanzu a Daura? Nan ta fi ƙarfinmu.