Neman shawara kan ƙoton kifin crappie

Assalamu alaikum 'yan'uwa masunta, musamman mazauna Amurka. Kifin crappie ya hana ni sakat a tafkin Kentucky. Tun da aka yi ruwan sama tafkin ya dame, ko tafin hannuna na tsoma ba na ganinsa sosai.

Ƙoton roba nake sa wa fatsa, mai nauyin 1/16 na oza, fari. Sai in ji ya ɗan taɓa ya saki. Wanda ya kama kuma, leɓensa siriri ne, yakan yage kafin in fito da shi.

Shin in koma 1/32 ne, ko iska za ta hana shi nutsewa? Launi fa: ruwan ɗorawa mai haske, ko baƙi ya fi fitowa a damammen ruwa? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min.