Wai da gaske "nice" asalinta zagi ne?

Ɗan Fagge:
Slm 'yan uwa. Jiya ƙanwata da ke aji uku a sakandare ta dawo tana cewa malaminsu na Turanci ya hana su sa nice a insha'i, wai kalmar malalata ce kuma wai ma asalinta zagi ne. Ni kuwa duk hoton da na gani a Facebook nice nake rubutawa in wuce, har na surukina da kayan sallah. Masana dan Allah meye gaskiyar zancen?

Tsohon Ticha:
Wslm. Malamin bai yi ƙarya ba ɗana. Daga Latin ta fito, nescius, wato wanda bai sani ba, jahili dai. Ne ɗin korewa ce, scire kuma sani, daga ita aka samo science ma. Faransawan da suka ɗauka suna kiran sakarai da ita, to bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci ita ma ta bi ayari. Wajen shekarar 1300 in Bature ya ce maka nice to wawa ya kira ka. Daga nan ta koma mai tsirfa wanda komai sai ya tsattsefe, sai abin da aka yi shi daidai wa daida, sai a ƙarni na 18 ta zama abu mai daɗi. Ƙorafin malamin ma tsoho ne, a littafin Jane Austen, Northanger Abbey na 1817, akwai saurayin da ke tsokanar wata budurwa kan komai ta gani sai ta ce nice.

Maman Hassana:
Hhhh ai mu ma haka muke, tela ya fitar da ɗinki ka ji ana kai shegen nan ya iya aiki, ko miya ta yi mugun daɗi. Kakata Allah ya jiƙanta in ta ji an ce mugun kyau sai ta ce ku zaɓi ɗaya, mugu ne ko mai kyau.

Na Goje:
To garin Nice na Faransa fa Malam, garin wawaye kenan?

Tsohon Ticha:
A'a babu haɗi, shi Nis ake faɗa. Girkawa ne suka kafa shi suka sa masa Nikaia, daga kalmarsu ta nasara.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara sani Malam. Surukina dai bai san Latin ba, amma wlh bari in je in mayar da ita Masha Allah kafin matata ta shigo nan.