Maƙwabciyata na shan duka, ina za mu kai ta? Daga zauren matan Ƙofar Kaura

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a tambaye ni suna. Wata baiwar Allah ce a layinmu, ɗiyanta uku, mijin na dukanta. Ta sha yin yaji, iyayenta su maido ta da "ki yi haƙuri, aure ibada ne". Shekaranjiya na shiga aron rariya, na tarar wuyanta duk shatin yatsu, muryarta ta dishe, ruwa ma da ƙyar take haɗiya. Ina ake kai irin wannan a nan Katsina?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, asibiti tukuna, yau ɗin nan. Shaƙa ba kamar mari ba ce. Mutum na iya tashi garau a ido, sai daga baya maƙogwaro ya kumbura ko raunin jijiyoyin wuya ya bayyana, kuma dishewar murya da wahalar haɗiya alamu ne da ba ma wasa da su. Ki raka ta Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda muka saba kira FMC. In tana da juna biyu, Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Ta faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, kada ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, don abin da aka rubuta a kati shi zai tsaya mata gobe. A ɗauki hoton raunin da wayarki, ba tata ba. Kuma ku sani, namijin da hannunsa ya kai wuya, haɗarin ya yi kisa ya ƙaru sosai. In har akwai tilastawa a shimfiɗa ko fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Hajiya Babba: Ɗiyata, Allah ya saka maki. Asibitin dai a je. Amma ni ban so a tsallake manya a faɗa hannun hukuma. Akwai waliyyinta, akwai wanda ya karɓa wa yaron aure, akwai mai unguwa da liman. Gidaje nawa aka gyara a zauren mai unguwa ba tare da kowa ya ji ba?

Maman Ilham: Hajiya, an zauna da su ba sau ɗaya ba. Ya ba da haƙuri, ya kawo turmin atamfa, bayan sati biyu ya koma.

Malama ta Islamiyya: Hajiya, maganarki tana kan hanya, sai dai a duba wane irin sulhu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i cewa ta yi a tashi mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Abin da muke yi yanzu kuwa, a zaunar da yarinya ita kaɗai gaban maza biyar, kanta a ƙasa, a ce ta yi haƙuri, a tashi. Wa ya tsaya mata? Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, matar da ta tabbatar wa alƙali da cutarwa yana da ikon raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i. Mata da yawa suna zaune cikin azaba don an tsorata su da "sai kin biya ni kuɗina", alhali ba su san wannan hukuncin ba. Riƙon yara ma, asali uwa ce ta fi cancanta, ciyarwa kuma tana wuyan uba. Abin yana ci mani rai, wallahi, mu da muke karantar da su ba mu faɗa masu.

Barista: Malama ta gama magana ta ɓangaren kotun shari'a. In ƙara da cewa shaida ita ce ƙashin bayan ƙara: takardar asibiti, hotuna, da maƙwabtan da suka ji ko suka gani. Maman Ilham, ke kanki shaida ce. Ta ɓangaren doka kuma, tun 2015 tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, kuma Gwamna Dikko Radda ya sa hannu kan ta Jihar Katsina a Disambar 2023. Dukan mata laifi ne, ba maganar cikin gida ba. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa hali da lauya, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, tana da ofis a jiha. Ma'aikatar Harkokin Mata ma tana da jami'an walwala. In za a je wurin 'yan sanda, a nemi masu kula da ƙorafin mata da yara, kuma kada ta je ita kaɗai.

Yar Daura: Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Da na raka ƙanwar mijina wani ofis, cewa aka yi mu koma gida mu sasanta tun ba a dubi fuskarta ba. Sai da yayanta namiji ya zo da takardar asibiti aka saurare mu. Daga baya Hisbah muka je, aka kira mijin, ya sa hannu kan alkawari a gaban shaidu. Shawarata, duk sulhun da za a yi a rubuta shi, a rubuta abin da zai biyo baya in ya sake.

Hajiya Babba: To in a rubuce ne, da shaidu, kuma da nata mutum a wurin, ban ƙi ba. Amma ta zauna gidansu har a gama.

Anti Nas: Hajiya, wannan shi ne daidai, sai dai a yi shi da dabara, don lokacin da mace ke shirin barin gida haɗari ya fi yawa. Kada ta yi masa barazanar tafiya cikin faɗa. Ta haɗa ƙaramar leda ta ajiye wurin Maman Ilham: katin NIN, katin banki, takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu, kaya kala ɗaya, da kuɗin Napep. Ku yi alama tsakaninku, ko fulashin sau biyu, ko ta aiko babban yaron ya ce a ba shi gishiri. In rikici ya tashi ta nisanci madafi inda wuƙa da taɓarya suke, ta yi kusa da ƙofa. Lambar gaggawa 112 ce, amma a irin layukanmu maƙwabci ya fi saurin isowa, don haka ki sanar da maigidanki.

Shugabar Zaure: Tunatarwa: kada wadda ta tura wannan hirar wani zaure. Kuma ita mai abin ce za ta zaɓi matakin da za a ɗauka, mu namu rakiya ne da bayani. In hali ya kai ta bar gidan, ina ba da shawarar a ba ta kwasar farko a adashenmu ta kama sana'a.

Malama ta Islamiyya: Na amince. Sannan mu dubi gaba. Amarya ana shafe sati ana koya mata girki da turare, ango ba mai zaunar da shi ko na awa ɗaya. Zan yi wa limamin masallacinmu magana kan huɗuba guda a kan haƙƙin mata, in kuma nemi 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN su zo ajin matan aure. Ajin samari ma ina son a taɓa, don yaron da ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa yakan ɗauka haka aure yake. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba ake gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, sai mu sa namu zaman a ciki.

Barista: Ni zan zo ajin matan in yi bayanin kotu. Na mazan kuma namiji ya kamata ya yi, a majalisarsu bayan Isha'i, sun fi jin ta bakin junansu. Hajiya Babba, ko Alhaji zai yarda ya jagoranta?

Hajiya Babba: Zan faɗa masa in ya dawo kasuwa. Ku dai sa rana, ban da Juma'a.